KWAƊAYIN MAI CIKI DA HANIN KAKANNI: Abin da muka zo da shi Duwala da abin da muka bari a hanya

  

Shekara 17 ke nan ina riƙe da alƙalami a gaban Maigida, dattijon unguwarmu a nan New Bell, Allah ya ƙara masa lafiya. Aikina shi ne rubuta abin da ya wakana a zaurensa: ɗaurin aure, raɗin suna, rabon gado, sulhun ma'aurata, da rasuwa. Duk wanda ya daɗe a irin wannan aiki ya san akwai shafin da hannu ba ya son rubutawa. A wurina shi ne shafin da suna da ta'aziyya suka haɗu a gida ɗaya cikin mako ɗaya: an yanka rago da hantsi, tabarmar makoki tana shimfiɗe a ƙofar gida, jariri yana hannun kakarsa, uwarsa tana makwancinta. In na tambayi mata abin da ya faru, sau da yawa amsar ɗaya ce: jini ne ya ƙare mata. Ajali ba ya wuce lokacinsa, wannan mun yi imani da shi. Amma an umarce mu da riƙon sababi, shi ya sa na ɗauki lokaci ina zama da tsofaffin unguwa ina tambayarsu abin da mai ciki take ci a zamaninsu, da abin da ake hana ta, da inda hanin ya samo asali. Abin da na fahimta shi ne hanin da muke yi wa matanmu yau ba daga wuri ɗaya ya fito ba, kuma ba a ƙasa irin wannan aka tsara shi ba.

YADDA MUKA SAUKO

Kakanninmu fatake ne. Ta Adamawa suka biyo, daga Yola da Garwa zuwa Ngaundare da Banyo da Tibati da Yoko, suna neman goro da hauren giwa, daga baya da danƙo, suna kawo tufafi da kanwa da kayan fata. Bayan Jamusawa sun ƙulla yarjejeniya da sarakunan Duwala a 1884, kuma suka ci Tibati da yaƙi a 1899, hanyar zuwa bakin teku ta buɗe wa fatake, wasu Hausawan kuma suka zo cikin kakin sojan Jamus.

Ita kanta New Bell Jamusawa ne suka yanka ta. Sun ƙudura su tashi mutanen Duwala daga bakin kogin Wuri su mayar da su nesa da unguwar Turawa, a bar fili mai faɗin kilomita 1 tsakani. Sarki Rudolf Duala Manga Bell ya tsaya a kan haƙƙin mutanensa, suka rataye shi ranar 8 ga Agusta 1914. Bayan makonni kaɗan sojojin Ingila da Faransa suka karɓe birnin. Masu ƙasa ba su so zaman wurin da aka tilasta musu ba, sai baƙi suka cika shi: Hausawa, Basa, Bamileke, Ewondo, Bamun, da mutanen Dahome da Legas da sauran garuruwan gaɓa. A cikin wannan cakuɗa ne aka kafa unguwar Hausawa, da masallacinta, da mahautanta, da makarantun allonta.

Dattawa sun gaya mana cewa a farkon lamari maza sun fi yawa ƙwarai. Wanda ya samu hali ya aika Adamawa ko ƙasar Hausa aka kawo masa mata. Wanda bai samu ba ya auri 'yar Bute ko Tikar ko Bamun ko Basa, ta musulunta ta haifa masa 'ya'ya, ta zama kakar da yawa daga cikinmu. A riƙe wannan, domin ilimin goyon ciki ba a hannun maza yake ba. Uwa ce take miƙa wa 'ya, uwar miji take miƙa wa suruka. Duk matar da ta shigo gidan Bahaushe ta shigo da nata hanin a ƙulle cikin zaninta.

HANIN DA AKA ZO DA SHI DAGA AREWA

Babban hani a ƙasar Hausa shi ne zaƙi. Ungozomomi suna cewa in mai ciki ta yawaita shan zuma ko rake ko sukari, wani abu mai yauƙi da suke kira zaƙi yana taruwa a mararta, ya tare hanya ranar haihuwa, naƙuda ta yi tsawo. Domin haka in ciki ya tsufa sai a riƙa ba ta jiƙe-jiƙe masu ɗaci ko tsami, ana kiransu maganin zaƙi. Wani likita Ba'amurke mai suna Lewis Wall, wanda ya zauna a ƙasar Malumfashi ya wallafa littafi kan maganin Hausawa a 1988, ya tarar da wannan fahimta a can kamar yadda kakata ta riƙe ta a nan.

Na biyu shi ne ƙwai. Wasu suna cewa ɗan zai tashi da sata, wasu suna cewa zai yi girma a ciki ya gagari fita. Na uku naman raƙumi: raƙuma takan yi fiye da shekara da ciki, saboda haka wai duk wadda ta ci namanta ita ma za ta zarce wata tara. Na taɓa jin wata tsohuwa tana jan kunnen jikarta a kan naman raƙumi a nan New Bell, alhali ita tsohuwar da jikar babu wadda ta taɓa ganin raƙumi da idonta. Wannan ya nuna mini yadda hani yake daɗewa bayan dalilinsa ya gushe. Akwai kuma hana ruwan sanyi, da hana cin abu mai maiƙo da yawa, da hana cikawa da abinci in haihuwa ta matso. In ka tattara su za ka ga tsoro ɗaya ne a ƙarƙashinsu: kada ɗa ya yi girma, kada haihuwa ta zo da gardama. A ƙauyen da babu likitan tiyata, kuma ake aurar da yarinya ƙugunta bai gama buɗewa ba, wannan tsoro ba wauta ba ne. Mata sun ga 'yan'uwansu sun kwana uku suna naƙuda sun tafi, sai suka nemi kariya da abin da ke hannunsu, watau akushi.

Sai dai hanin bai zo shi kaɗai ba, ya zo da abokin tafiya. A ƙasar Hausa in cikin fari ya kai wajen wata bakwai, ana mayar da yarinya gidan iyayenta goyon ciki. A can ba ta daka, ba ta ɗebo ruwa, uwa da gwaggo da inna suna kanta. An hana ta ƙwai, amma ga fura da nono da rana, ga kunun tsamiya da safe, ga tuwon dawa miyar kuka da daddawa da dare, ga kwaɗon zogale da rama da ƙuli-ƙuli, ga ɗanwake, ga wake da gyaɗa daga rumbu. In ta yi kwaɗayin tsamiya ko goruba ko magarya ko aduwa ko ɗinya, yaro ake aika bayan gari ya samo, domin ana cewa ba ita ke so ba, na ciki ne ke so. In ta haihu, ga ƙauri da yaji da kunu na kwana arba'in. Ashe hannun da ya ɗauke mata abu ɗaya ya ajiye mata goma.

ƘASAR DA GERO BA YA YI

To, sai aka sauko Duwala. Ruwan da ke sauka a nan cikin shekara ya haura milimita 3,500, alhali na Kano bai cika kaiwa 1,000 ba. Gero ba ya yi, dawa ba ta yi, saniya ba ta daɗewa a wannan danshi, balle a samu Bafillatana da ƙwaryar nono a ƙofar gida kowace hantsi. Ba tsamiya a bayan gari, ba goruba, ba kuka. Abin da ƙasa take bayarwa shi ne rogo da makabo da agade da manja, sai kifi da jatan lande daga ruwa, sai ganyen ndole da ire-irensa.

Nan tukunyar Bahaushiya ta sauya. Masara da shinkafa da garin rogo suka maye gurbin gero. Bambancin ba na ɗanɗano ba ne kawai: a cikin giram 100 na gero akwai kimanin giram 11 na sinadarin gina jiki, a ɗanyen rogo kuwa bai kai giram 2 ba, kuma gero ya fi shi sinadarin ƙarfe da jiki ke gina jini da shi nesa ba kusa ba. Mutanen ƙasa sun san yadda suke cike wannan giɓi, domin bobolo da miyondo ba sa tafiya sai da kifi da gyaɗa da ganye. Kakanninmu mata kuwa da yawansu sun ɗauki rogon suka ƙyamaci abin da ake cinsa da shi. Wata tsohuwa ta ce mini sai da ta yi 'ya'ya uku kafin ta yarda ta sa jatan lande a bakinta, domin a idonta ƙwaro ne.

Goyon ciki ma ya yi wuya. Jirgin ƙasa ya isa Yawunde a 1927, amma bai kai Ngaundare ba sai 1974. Kafin nan, mayar da mai cikin wata bakwai Arewa tafiya ce ta makonni bisa hanyar da damina take yankewa. Da yawa sun haihu a ɗakin aurensu, a gidan haya mai tsakar gida ɗaya, nesa da uwa da gwaggo. Lokacin da jirgin ya fara sauko da shanu da gero da kanwa da busasshiyar kuka cikin sauƙi, an riga an haifi zuri'a biyu ko uku waɗanda ba su da wani gida a Arewa da za a mayar da 'yarsu. Goyon ciki ya koma tsallaka kwata daga wannan layi zuwa wancan, wani lokaci zuwa ɗakin da ya fi na mijin ƙunci. Daga baya, da aka karya darajar sefa da rabi a watan Janairu 1994, nama da madara suka ƙara nisa da tukunyar talaka. Muna unguwar mahauta da masu soya da kilishi, amma akwai gidajen da mai ciki take mako ba ta ga tsoka ba.

Hani ba ya bukatar rumbu ko jirgi, a baki ake ɗauko shi, shi ya sa ya iso Duwala lafiya lau. Abincin da ke rama wa mai ciki kuwa nauyi gare shi, sai aka bar shi a hanya.

HANIN DA AKA TARAR

Zaman tsakar gida ɗaya da maƙwabta ya ƙara mana wasu. A bakin famfo da kasuwa matanmu suka ji cewa tarwaɗa da dodon koɗi suna sa jariri dalalar da miyau, cewa ayaba biyu da suka manne suna kawo tagwaye, cewa abarba tana zubar da ciki, cewa kuɓewa da duk miya mai yauƙi tana sa yaro sanyin jiki. Ba a zubar da na Arewa aka ɗauki waɗannan ba, tara su aka yi. Uwar miji ta hana ƙwai da zaƙi, uwar yarinya ta hana tarwaɗa, maƙwabciya ta hana abarba, kowace tana yi ne don ƙauna. Yarinya mai cikin fari kuwa kunya ta hana ta ko ambaton cikin, balle ta yi gardama. In aka gama lissafi, abin da ya rage mata shi ne shinkafa da manja, burodi da shayi, da gari.

A nan ne kwaɗayi ya samu sabuwar ƙofa, wadda kowa a wannan zaure ya san sunanta: kalaba. Farar ƙasa ce da ake haƙowa a wurare irin su Balengu a yankin Yamma, wata kuma daga Nijeriya ake kawo ta, a gasa ta ko a sa mata gishiri, a kasa ta a kasuwanninmu ana sayarwa kamar goro. Cin ƙasa ba baƙo ba ne a Arewa, mata masu ciki sun san farar ƙasa da jar ƙasar gini. Amma a can sai an nema a ɓoye, a nan kuwa tana kan tebur da arha, kuma babu mai ganin aibinta.

Ba labarin wani zan ba ku ba, nawa zan bayar. A cikinta na uku, mai ɗakina ta kamu da son kalaba. Ni da kaina nake biyawa kasuwa in sayo mata, ina ganin kyautatawa nake yi. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, ta riga ta hana ta ƙwai da rake, ita kuma ba ta son warin kifi. Kullum da safe ina tsayawa teburin mai shayi a soya mini ƙwai biyu, ban taɓa tunanin abin da ta karya da shi ba. Wata rana na ce mata, "Wannan ƙasa ba ta yi yawa ba kuwa?" Ta ce, "Malam, in ban ci ba zuciyata tashi take yi, ita kaɗai ke zama mini." Na yi shiru. A wata na takwas ta fara haki in ta tashi daga tabarma, tana jin jiri, ƙafafu suka kumbura. Inna ta ce nauyin ciki ne. Da muka je awo, ungozomar asibiti ta ja fatar idonta ƙasa ta nuna mini, fari fat kamar auduga. Ta dube ni ta ce, "Kai ne mijinta? Me take ci a gidanka?" Ban taɓa jin kunyar tambaya irin ta ranar ba. Leda biyu ta jini aka ƙara mata, ɗaya tawa ɗaya ta ƙaninta, Allah ya sa ta sauka lafiya. Da muka dawo na durƙusa gaban Inna na ce, "Inna, ki yi mini izini a riƙa dafa mata ƙwai." Ta daɗe ba ta ce komai ba, sa'an nan ta ce, "Mu da nono aka goye mu, ku ba ku da shi. A dafa mata."

Daga baya na fahimci yadda abin yake. Likitoci sun tabbatar cewa kwaɗayin ƙasa ko ƙanƙara ko gawayi sau da yawa yana tafiya tare da ƙarancin sinadarin ƙarfe a jiki. Ita kuma ƙasar in ta shiga hanji tana iya riƙe ɗan ƙarfen da ke cikin abinci ta hana jiki amfana da shi, ta cika ciki ta kashe sha'awar abinci, ta kawo taurin bayan gida, wani lokaci da ƙwayayen tsutsa. Hukumomin lafiya a Ingila da Amurka sun gargaɗi masu ciki a kanta bayan an auna an samu gubar dalma a ciki, irin gubar da ta hallaka ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010. Ga shi kuma muna garin da sauro ba ya hutu rani da damina, zazzaɓin cizon sauro kuwa jini yake ci. Mace ta isa ranar haihuwa da ɗan jini kaɗan, zubar da wata za ta jure ita sai ta tafi da ita.

ABIN DA MUKA KARANTA A ZAURE

Abin mamaki shi ne littattafan da muka yi ƙuruciya muna biyawa ba su san yawancin wannan hani ba. Babu inda shari'a ta hana mai ciki ƙwai ko kifi ko zuma. Allah ya halatta abin da ke cikin teku a Suratul Ma'ida, ya kuma ja kunnenmu a Suratun Nahli kada harsunanmu su riƙa ƙaga cewa wannan halal ne wancan haram ne. A Suratu Maryam, lokacin da naƙuda ta kai Nana Maryamu gindin dabino, abin da aka umarce ta shi ne ta girgiza shi ta ci nunannen dabino ta sha ruwa ta kwantar da hankalinta. Dabino kuwa zaƙi ne. A Suratuɗ Ɗalaƙi an wajabta wa miji ciyar da matar da ya saka in tana da ciki har ta sauka. In wadda aka rabu da ita tana da wannan haƙƙi, ina ga wadda take ɗakinta?

A Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wadda babu makarantar zauren da ba a karanta ta, an ba mai ciki damar ajiye azumin Ramadan in ta ji tsoro ga abin da ke cikinta, ta rama daga baya. Shari'ar da ta sassauta farilla domin ɗan tayi ba za ta yarda a ƙuntata wa uwarsa da canfi ba. Ita ma ƙasa malamai ba su manta da ita ba. Shaihu Halil a Muhtasar ya kawo zance biyu a kan cin yumɓu, ko makaruhi ne ko haramun ne, wasu masu sharhi kuma suka yi rangwame ga mai cikin da sha'awarsa ta tsananta mata har take tsoron abin da ke cikinta. Rangwamen nan domin kare ɗan aka yi shi. In masana lafiya sun tabbatar cewa shi ɗan ne yake cutuwa, to dalilin da ya buɗe ƙofar shi ne yake rufe ta, domin ƙa'ida ce sananniya a fiƙihu cewa ba a cuta kuma ba a cutarwa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Nurul Albab ya zargi malaman da suke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci suna karantar da na waje. Ina tsoron wannan zargi ya same mu, mu da muka san babin azumi da ka, amma ba mu taɓa zama mun karanta wa matanmu shi ba.

ZUWAN ASIBITI DA ABIN DA YA TACE

Asibitin Laquintinie an kafa shi a 1931, amma tsofaffi sun ce an daɗe matan unguwarmu ba sa zuwa haihuwa can sai in abu ya gagari ungozoma, saboda kulle da kunya da tsoron likita namiji. A hankali awon ciki ya zama ruwan dare. Ilimin asibiti bai ƙaryata kakanni a komai ba, tacewa ya yi. Tsoron zaƙi yana da gaskiya a ciki: akwai ciwon sukari da ke tasowa lokacin ciki, yana sa ɗa ya yi girma fiye da kima, haihuwa ta yi wuya. Saboda haka tsohuwar da ta hana jikarta lemon kwalba da shayi mai cokali huɗu na sukari ba ta yi kuskure ba. Kwaɗayin tsami ma alheri ne, domin lemon tsami da lemon zaƙi suna taimakon jiki ya tsotsi ƙarfen abinci, alhali shan shayi mai kauri a kan abinci yana rage shi. Amma hanin dafaffen ƙwai da kifi da wake ba shi da madogara, kuma rage wa mai ciki abinci don ɗa ya ƙanƙance yana raunana uwar ne tun kafin ranar da take bukatar ƙarfinta.

Wata al'adar kuma an auna ta an ga illarta. A shekarun 1970 likitoci biyu a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, Davidson da Parry, sun bi diddigin matan da zuciyarsu take gazawa bayan haihuwa, suka danganta yawan abin da kunun kanwa mai yawa haɗe da wankan jego da kwanciya a gadon da aka hura wa wuta, musamman a watannin zafi. Kanwa gishiri ce, tana tara ruwa a jiki ta ɗora wa zuciya nauyi. In haka ta faru a Zariya mai hunturu, sai mu yi tunanin Duwala inda gumi ba ya bushewa, kuma mu yi tunanin wadda aka ce tana da hawan jini.

Ƙididdigar lafiya ta ƙasa ta 2011 ta nuna mata 782 ne suke rasuwa a sanadin ciki da haihuwa cikin kowace haihuwa 100,000 a Kamaru. A ta 2018 adadin ya sauko ƙasa da 500. An samu sauƙi, amma kowace ɗaya a cikin wannan lissafi shafi ce a littafin wani magatakarda. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 tana shawartar mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau 8, ta riƙa shan ƙwayar ƙarin jini kullum, kuma a ƙasashe irin namu ta karɓi maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro daga wata na huɗu, ta kwana cikin gidan sauro. Na san gidajen da ake karɓo ƙwayoyin nan a zuba su a ƙasan akwati, wai suna sa ɗa ya yi ƙato. Tsohon tsoro ne ya sake riga.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Iyayenmu mata, Allah ya saka muku da alheri, ba raina iliminku nake yi ba. Ku kuka goye mu a ƙasar da ba ta kakanninku ba, ba tare da uwa ko rumbu a kusa ba. Roƙona shi ne duk lokacin da za ku ce wa yarinya kada ta ci wani abu, ku ajiye mata abin da za ta ci a madadinsa, kamar yadda aka yi muku ko aka yi wa iyayenku a Arewa. In kun ga tana ɓoye kalaba a ƙarƙashin matashi, kada ku yi mata faɗa kuma kada ku ƙaro mata, ku raka ta a auna jininta.

'Yan'uwana maza, nauyin a wuyanmu yake. Gero da wake da kuka da zogale yanzu suna nan a kasuwar Santaral da sauran kasuwanninmu, kifi ya fi nama sauƙi, ndole da folere ganye ne masu amfani, ƙwai kuma kowa ya san farashinsa domin muna ci a teburin mai shayi. Mu rage kuɗin ragon da ya fi na maƙwabci da atamfar fitar suna, mu sa a tukunyar wata tara. Mu riƙa raka su awo, mu ji da kunnenmu abin da aka ce.

Na karanta wa Maigida wannan rubutu kafin in sa shi a nan. Ya ce in ƙara da cewa a zamanin ƙuruciyarsa, in mahauci ya ga mai ciki ta aiko sayen nama, yakan ƙara mata tsoka ba tare da an roƙa ba, kuma yana so a tambayi mahautanmu na yau ko sun gaji wannan. Na isar da saƙo.

Ina roƙon duk wadda ta san wani hani ko wani abincin goyon ciki da ban ambata ba, ta tambayi tsohuwar gidansu daga wane gari aka zo da shi, ta aiko mana mu rubuta, domin tsofaffin da suka san zamanin da babu jirgin Ngaundare saura kaɗan. Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya raya abin da suka haifa bisa Musulunci, ya jiƙan matanmu da suka rasu a kan gwiwa, ya sa shahada ce suka yi. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa nawa ne.